Zug: Kalmar Jamusanci Mai Haruffa Uku Da Ke Rikita Mai Ƙamus

Wannan makon za mu yi nisan kiwo har ƙasar Jamus. Amma kada wanda ba ya koyon Jamusanci ya yi saurin juya shafi, domin abin da za mu tattauna yana nan yana jiran kowa a takardar Turanci ta WAEC da NECO.

Ku buɗe ƙamus na Jamusanci zuwa Turanci, na takarda ko na waya, ku nemi kalmar "Zug". Haruffa uku ne kacal. Ana furta ta kamar "tsuk", a ɗan ja wasalin, saboda harafin z a Jamusanci ya fi kusa da namu ts, shi kuwa g idan ya zo a ƙarshen kalma sai ya koma k. Ga kaɗan daga abin da ƙamus zai jero muku a ƙarƙashinta: train, draught, move, procession, platoon, gulp, puff, stroke, feature, trait, migration. Wato jirgin ƙasa, da iskar da ke ratsa ɗaki, da matsar da ɗa a wasan dara, da jerin gwano, da rukunin soja, da kurɓa, da zuƙa, da jan hannu a wurin iyo, da kamannin fuska, da halin mutum, da ƙaurar tsuntsaye. Duk wannan kalma ɗaya ce, kuma ba mu kawo rabin jerin ba.

Me ɗalibi yake yi idan ya ga haka? Galibi ma'anar farko yake ɗauka ya rufe ƙamus. Sai a ba shi jimlar da ke cewa "Er trank das Glas in einem Zug aus", ya fassara ta da cewa mutumin ya shanye kofin a cikin jirgin ƙasa, alhali abin da aka ce shi ne ya shanye a kurɓa ɗaya, bai sauke kofin daga bakinsa ba. Ya san kowace kalma a jimlar, ya kuma duba ƙamus kamar yadda malami ya ce, duk da haka ya faɗi. Irin wannan faɗuwa ta fi ciwo, domin mai ita yana fita daga ɗakin jarrabawa da murmushi.

Ba ku ne farkon waɗanda kalmar nan ta ba ciwon kai ba. Shahararren marubucin Amurka, Mark Twain, ya zauna a garin Heidelberg a 1878 yana fama da koyon Jamusanci, sannan a littafinsa na tafiye-tafiye da ya fito a 1880 ya ware wani rataye guda yana yi wa harshen ba'a. Cikin kalmomin da ya ɗauko ya yi wa dariya saboda yawan ma'anoninsu har da wannan Zug ɗin. Ba'arsa tana da daɗin karatu, sai dai mu a ganinmu ya yi wa kalmar rashin adalci. Ma'anonin nan ba a watse suke kamar an zubar da gero ba. Uwarsu ɗaya, kuma Bahaushe ya fi Bature saurin gane ta.

Komai ja ne

Zug suna ne da ya fito daga aikatau "ziehen", ma'anarsa kuwa ja. To, ku tsaya nan, ku ajiye Jamusanci tukuna, ku dubi abin da mu kanmu muke yi da "ja". Muna jan ruwa a rijiya. Muna jan numfashi. Direba yana jan mota, liman yana jan salla, alaramma yana jan baƙi a wurin tafsiri, tsoho yana jan carbi. Malami yana ja wa ɗalibi kunne, ɗalibi yana jan layi da rula. Mayaƙa suna ja da baya, ko su ja daga. Mai bashi yana jan ƙafa, shugaba yana jan ragama, labari mai daɗi yana jan hankali. Da za a ce wani Bajamushe ya buɗe ƙamus na Hausa ya ga wannan jeri, shi ma riƙe baki zai yi ya ce wannan wane irin harshe ne. Mu kuwa ko a jikinmu, domin muna jin zaren da ya ɗinke su.

Yanzu mu koma kan Zug da wannan ido. Iskar da ke shigowa ta taga ta fita ta ƙofa, ai jan ta ake yi, shi ya sa Bajamushe idan ya ji ta sai ya ce "es zieht", wato yana ja, ya tashi ya rufe taga. Jamusawa da yawa ba sa wasa da wannan iska, suna ganin tana kawo mura da ciwon wuya. Kurɓar ruwa ja ce, zuƙar iska ma ja ce, har numfashi guda sunansa "Atemzug", kalmar da in ka warware ta za ka tarar da jan numfashi namu sak. Mai iyo yana jan ruwa da hannu. Mai wasan dara yana jan ɗansa daga wannan gida zuwa wancan, saboda haka idan aka ce maka "Du bist am Zug", ana nufin kai ne da wasa.

Kamannin fuska fa, ina ruwansu da ja? Ku tuna jan layi. Mai zane yana jan alƙalami ya fitar da hanci da baki da gira, kowane layi da ya ja Zug ne. Daga nan aka kira layukan fuskar mutum "Gesichtszüge", daga fuska kuma aka zarce zuwa hali, aka ce "Charakterzug". A nan ma ba mu yi nisa da gida ba, tunda mu ma mun ce hali zanen dutse.

Ita kuwa ma'anar da ƙamus ke sa wa a sahun gaba, wato jirgin ƙasa, tana cikin 'yan autan gidan. Tun kafin a ƙera jirgi, Jamusawa suna kiran duk wani dogon jeri na mutane ko dabbobi ko kekunan doki da ke tafiya tare Zug, kamar dai yadda muke cewa ayari. Daga nan ne ma'anar jerin gwano ta fito, da ta rukunin soja. Har gobe babban jerin gwanon bikin shekara da ake yi a birnin Kolon, inda ake watsa wa 'yan kallo alewa daga kan motoci, Zug ake ce masa, kuma Bajamushen da ya kalli hawan salla a Kano ko Katsina zai iya kiransa "Festzug", jerin gwanon biki. Da aka buɗe layin dogo na farko a Jamus ranar 7 ga Disamba 1835, tsakanin Nuremberg da Fürth, tafiyar kilomita 6 ko makamancin haka, mutane suka ga kan jirgi yana jan jerin taragu. Ba su wahalar da kansu neman sabon suna ba, tsohuwar kalmar ayari suka ɗora masa. Haka kakanninmu suka yi da layin dogo ya iso Kano a 1911. Suna da jirgi na ruwa tun da can, sai suka ce wannan jirgin ƙasa ne, da na sama ya zo suka ƙara masa nasa.

Abin da zai ba ku mamaki shi ne Turancin ma haka yake, ɓoyewa kawai ya yi. Kalmar "train" ta shigo Turanci daga Faransanci, asalinta kuwa wani aikatau ne na Latin mai ma'anar ja. Daga wannan tushe aka samu "trait", aka samu "tractor", tarakta ɗin nan da ke jan garma a gona. "Draught" kuma daga "draw" ta fito, wadda ita ma ja ce, kuma daga gare ta muka aro durowa, abin da ake jawowa a jikin tebur. Ashe duk dogon jerin da ya firgita mu, ja ne Turanci ya rarraba wa sunaye daban-daban, wasu na gado wasu na aro, Jamusanci kuwa ya riƙe suna ɗaya.

Tsuntsu, gari da kwat

Ƙaurar tsuntsaye ta cancanci mu ɗan dakata a kanta, saboda ta shafe mu. Kun san shamuwa, da ke zuwa gab da damina ta tafi idan ruwa ya ɗauke. Tana da wasu 'yan uwa farare da ke sheƙa a kan rufin gidaje a Jamus, idan sanyi ya gabato sai su nufo Afirka. A da mutanen Turai ba su san inda tsuntsaye ke ɓacewa da hunturu ba, har wasu suna zaton cikin laka suke shigewa su yi barci. A 1822 aka harbo wata irin wannan farar shamuwa kusa da garin Klütz a arewacin Jamus, sai ga kibiyar Afirka mai tsawon kusan santimita 80 soke a wuyanta. Da ita ta yi wannan doguwar tafiya. Har yau gawarta tana ajiye a jami'ar Rostock.

Irin wannan tsuntsu sunansa "Zugvogel", ita kuwa ƙaurar sunanta "Vogelzug". Kalmomi biyu ne, Zug da Vogel wato tsuntsu, aka sauya musu wuri. A nan akwai ƙa'idar da za ta yi muku amfani matuƙa. A harɗaɗɗen suna na Jamusanci, kalmar ƙarshe ita ce uwa, ta gaba bayani kawai take yi. Mu namu akasin haka ne, ta farko ce uwa: gidan kaji gida ne, kajin gida kaji ne. Saboda haka Bahaushe mai karanta Jamusanci sai ya saba fara duba wutsiyar kalma. Zugvogel tsuntsu ne, Vogelzug ƙaura ce, "Schnellzug" jirgi ne mai sauri, "Zugluft" iska ce.

Da ɗan ƙari a gaban Zug kuma sai a samu wasu 'ya'yan. "Rückzug" ja da baya ne, babu ragi babu ƙari. "Aufzug" na'urar da ke jan mutane sama a dogon bene. "Anzug" kwat da wando, saboda sa tufafi a wurinsu jawo shi jiki ne. "Umzug" tashi daga wani gida zuwa wani, kuma jerin gwano. "Abzug" janye sojoji, da cire wani abu daga albashi, da kunamar bindiga, wadda ita ma jan ta ake yi. Tarbiyya kanta "Erziehung" ce, daga ziehen ɗin nan. Akwai ma tsohuwar sarauta da ake kira "Herzog", asalin ma'anarta mai jan runduna. Ku kwatanta ta da jagora tamu, wadda ta samo asali daga mai jan gorar makaho.

Gargaɗi ɗaya a nan: jirgin sama "Flugzeug" ne, kuma wutsiyarsa "Zeug" ce, wata kalma daban mai nufin kaya ko abin aiki. Harafi ɗaya ne tsakani, ɗalibai da yawa suna tuntuɓe a kai.

Akwai kuma wani gari a ƙasar Siwizalan, a bakin wani tabki, sunansa Zug. Wanda bai sani ba zai zaci tashar jirgi ce ta ba shi suna, alhali garin ya girmi jirgin ƙasa da ɗaruruwan shekaru. Masunta ne silar sunan, daga jan koma a tabkin. Saboda haka "der Zug nach Zug" magana ce daidai, jirgin da ke zuwa garin Zug ke nan.

Maƙwabta ake tambaya

Sanin tushe yana sa jerin ya daina ba da tsoro, amma shi kaɗai ba zai gaya muku wace ma'ana ake nufi a jimlar da ke gabanku ba. Wannan aikin maƙwabtan kalmar ne. Idan kun ga gilashi ko kwalba ko aikatau na sha a kusa, kurɓa ce. Idan kun ga tasha ko tikiti ko ƙarfe kaza, jirgi ne. Idan kun ga wasa ko abokin karawa, matsar da ɗa ne. Idan soja kuka gani, rukuni ne. Wani lokaci ma jimlar kanta ba ta isa ba. "Ich sitze im Zug" tana iya nufin ina zaune a cikin jirgi, tana kuma iya nufin ina zaune inda iska ke ratsawa. Wanda ya faɗe ta a waya da ƙarar ƙafafun jirgi a bayansa ya bambanta da tsohuwar da ta faɗe ta tana nuna taga. Haka "Zugführer", a tasha shugaban ma'aikatan jirgi ne, a bariki kuwa shugaban rukunin soja. Sai an karanta jimlar da ta gabata da wadda ta biyo baya.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wurin maganganun azanci, waɗanda ba a fassara su kalma da kalma. Idan Bajamushe ya ce "Der Zug ist abgefahren" kan wata magana da babu tafiya a cikinta, jirgin ya tashi ya ce, amma nufinsa bakin alƙalami ya bushe. Idan aka ce wani yana kwance "in den letzten Zügen", mai gaggawa zai rubuta cewa yana kwance a jiragen ƙarshe, alhali numfashin ƙarshe ake nufi, mutumin yana gargara. Ku yi tunanin mai aikin jinya ko tafinta da ya yi wannan kuskure. Sannan akwai "in vollen Zügen genießen", wato more abu iya morewa, kamar mai ƙishirwa da ya samu randa yana kurɓa baki cike. Su kansu Jamusawa suna barkwanci da ita idan jirgi ya cika maƙil, tunda a zahiri ana iya karanta ta da jin daɗi a cikin cikakkun jirage.

Ɗaya daga cikin 'ya'yan gidan nan ma ta yi ƙaura zuwa Turanci da kayanta. Masu wasan ces a duniya duka suna cewa "Zugzwang", Zwang kuwa tilas ne. Yanayi ne da wasa ya zo kanka, duk ɗan da ka taɓa asara za ka yi, ga shi kuma babu damar ka ce ka yafe. Duk wanda ya taɓa zama a gindin bishiya yana dara ya san wannan hali ko bai san sunansa ba.

Kamar kumbo kamar kajinta, amma ba dangi ba

Kada wani ya fita daga nan yana zaton kowace kalma mai ma'ana biyu uwa ɗaya ce ta haife su. Wasu haka ne. "Schloss" fada ce irin ta sarakuna, kuma kwaɗon ƙofa ne, duka daga aikatau "schließen" mai nufin rufewa, tunda fada wuri ne da ake rufewa a tsare. Amma wasu kalmomi biyu ne daban da suka yi kama kawai, kamar ja na jan igiya da ja na launi, ko kwaɗon da ke tsalle a bakin rafi da kwaɗon zogale da ake ci da ƙuli. Wanda ya tsaya neman zaren da ya haɗa waɗannan zai kwana bai samu ba.

Sa'ar da aka yi, Jamusanci yakan sa alama. Kowane suna yana tafe da 'yar ƙaramar kalma mai nuna jinsinsa, der na namiji, die ta mace, das na wanda ba namiji ba ba mace ba. "Der Leiter" shugaba ne, "die Leiter" tsani. "Der Kiefer" muƙamuƙi ne, "die Kiefer" wata bishiya. "Die Steuer" haraji, "das Steuer" sitiyari. "Der See" tabki, "die See" teku, waɗannan kam asalinsu ɗaya, jinsi ne ya raba musu gado. Mu ma muna da irin wannan dabara ba tare da mun lura ba. Idan aka ce wata ya fito, sama za ku duba. Idan aka ce wata ta fito, ƙofar gida za ku duba. Wani lokaci kuma jam'i ne ke tona asiri. "Bank" benci ne kuma banki ne, amma bencina "Bänke" ne, bankuna kuwa "Banken", kamar yadda gari na mutane yake da garuruwa, garin tuwo kuwa ba shi da su. Wannan ne ya sa malaman Jamusanci ke nacewa a haddace suna tare da jinsinsa da jam'insa, kuma muna goyon bayansu ɗari bisa ɗari. Wanda ya haddace Leiter tsirara bai san ko zai gaishe shi ko zai taka shi ba.

Akwai rukuni na uku, wanda ya fi duka wuya, inda Bajamushe bai ma jin cewa ma'ana biyu ce, Turanci ne ke tilasta a zaɓa. "Schuld" laifi ne, kuma bashi ne. Turanci ya raba su gida biyu, guilt da debt. A wurin Bajamushe kuwa abu ne da ke wuyanka wanda sai ka sauke, kuma kalmar da suke neman afuwa da ita, "Entschuldigung", tana ɗauke da Schuld a cikinta, wato a cire mini shi. Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba, tunda da kalma ɗaya muke yafe bashi mu yafe laifi. Haka "Geist", wadda ƙamus zai ba ku mind da spirit da ghost, hankali da ruhi da fatalwa. Masanin falsafa Hegel ya sa ta a sunan wani babban littafinsa na 1807. Wanda ya fassara shi zuwa Turanci a 1910 ya zaɓi Mind, wanda ya sake fassara shi a 1977 ya zaɓi Spirit. Dukansu manyan malamai ne, kowanne kuma ya san cewa ya bar wani abu a baya. In manya sun yi saɓani a kan kalma ɗaya, ɗan aji biyar ba shi da dalilin jin kunya don ya tsaya ya yi tunani.

Gada biyu

Akwai wata matsala da ta keɓanta da mu. Ɗan Ingila mai koyon Jamusanci gada ɗaya yake hawa. Mu kuwa biyu muke hawa, daga Jamusanci zuwa Turanci, daga Turanci zuwa Hausa, 'yan uwanmu na Nijar kuma ta Faransanci suke bi. A kowace gada kaya na iya faɗawa ruwa. Ɗalibi ya duba Zug ya samu train, ya duba train a ƙamus na Turanci zuwa Hausa ya samu horarwa, sai ga jirgin ƙasa ya zama horo. Ya duba ya samu stroke, ya bi ta ya samu shanyewar ɓarin jiki, sai ga mai iyo an kwantar da shi a asibiti. Manhajojin fassara na waya ma sukan yi irin wannan, musamman idan kalma ɗaya tilo aka ba su babu jimla.

Maganin da muke ba da shawara mai sauƙi ne, sai dai yana cin lokaci. A karanta bayanin kalma a ƙamus har ƙasa, da misalan da ke ciki, domin misalan sun fi jerin ma'anonin amfani. Idan an zaɓi ma'ana, a mayar da ita cikin jimlar a karanta daga farko a ji ko ta zauna. Idan kalmar Turancin da aka samu ita ma mai fuska da yawa ce, a juya ƙamus a duba ta daga Turanci zuwa Jamusanci, a ga ko za ta dawo da mutum inda ya taso. A lura kuma da babban harafi, domin Jamusanci yana fara kowane suna da shi ko a tsakiyar jimla, abin da ke nuna muku nan take cewa suna ne a gabanku ba aikatau ba.

Jamusawan da suka yi nazarin harshenmu sun sha irin wannan wahala ta ɗaya gefen. J. F. Schön ya fitar da ƙamus na Hausa a 1876, Adam Mischlich ya fitar da nasa a 1906. Ku ƙiyasta ranar da suka iso kan "ci", suka tarar ana cin tuwo, ana cin kasuwa, ana cin bashi, ana cin amana, ana cin sarauta, ana cin mutunci, wuta tana ci, yaro yana cin jarrabawa.

Jarrabawar nan ita ce ta dawo da mu gida. A takardar Turanci, ƙarƙashin karatun fahimta, akwai tambayar da ake tsamo wasu kalmomi daga cikin labari a ce ku kawo wata kalma da za ta maye gurbin kowace kamar yadda aka yi amfani da ita a wurin. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne tarkon. Mai tsara tambaya da gangan yake zaɓo kalmomi masu fuska da yawa, ya san ɗalibin da ya yi haddar ma'anar farko zai rubuta ta ko da ba ta shiga jimlar. Kuma ko ma'anar ta yi daidai, in kalmar labarin jam'i ce ka kawo tilo, ko aikin ya wuce ka kawo na yanzu, makin ya tafi. Abin da kuka yi wa Zug yau shi ne za ku yi wa kalmomi irin su "bear" da "charge" da "fair" ranar jarrabawa.

Jingar wannan mako

Ga jimloli uku. Ku faɗi ma'anar Zug a kowace, ku kuma nuna maƙwabciyar kalmar da ta tona muku asiri.

Ta farko: "Mit diesem Zug hat sie das Spiel gewonnen." Spiel wasa ne, gewonnen kuwa cin nasara.

Ta biyu: "Die Vögel sammeln sich zum Zug nach Süden." Vögel tsuntsaye ne, sammeln sich taruwa, Süden kudu.

Ta uku: "Seine Geduld ist ein schöner Zug an ihm." Geduld haƙuri ne, schöner mai kyau.

Sannan ku rubuto mana jimloli 10 na Hausa da kalmar "sha", kowace da ma'anarta daban, ku gwada fassara su zuwa Turanci ku ƙirga kalmomi nawa Turancin ya buƙata. Mun ba ku shan iska da shan alwashi kyauta, sauran 8 naku ne. A rubuta suna da aji da makaranta, za mu buga amsoshin da suka fi dacewa a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.